Darasi: A Sa Taimakon Yaro a Takarda

Darasinmu na wannan karo domin iyaye ne, da malaman firamare, da shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata a Gwadangaji da ƙauyukan bakin fadamar Rima, daga Birnin Kebbi har Argungu. A karanta shi da ƙarfi a wurin taro, gama da yawa cikin iyayen da abin ya shafa ba su yi karatun boko ba.

Kowa ya san yadda ake ba da bashin irin shinkafa. In mutum ya karɓi kwano goma zai biya da kaka, akan kira shaidu, mai hankali kuma yakan rubuta. Amma in uba ya kai ɗansa mai nauyin kunne makaranta, ya roƙi malam ya riƙa zaunar da shi a gaba, sai malam ya ce to, a yi musafaha, a rabu. Malamin kuwa da gaske yake. Bayan wata huɗu aka yi masa canjin wurin aiki. Sabon malami ya zo ya jera yara bisa ga tsawo, yaron nan dogo ne, sai ya koma can baya jikin bango. Alkawarin ya tafi tare da wanda ya yi shi. Shekara ta ƙare yaro bai iya rubuta sunansa ba, aka fara kiransa daƙiƙi, uban ya ce gara ya bi awaki.

Abin da za mu koya yau shi ne yadda ake rubuta irin wannan taimako a takarda, a sa mata hannu, ta zauna a makaranta ko da malami ya tashi. Za mu kira ta takardar shirin yaro.

Waɗanne yara ake nufi?

Makaho da kurma da gurgu kowa yana ganinsu. Waɗanda ake yawan ɓatarwa su ne na tsakiya. Akwai yaron da yake ji da kunne ɗaya, ko yake ji kaɗan kaɗan, sai ya riƙa kallon bakin mai magana. Akwai yarinyar da take kai littafi har kusa da hanci. Akwai zabiya, wanda hasken rana yake kashe masa ido, ba ya ganin allo daga nesa. Akwai mai farfaɗiya, da mai ciwon sikila da yake kwana bakwai a gida duk sa'ad da ciwo ya tashi, da wanda yake da jinkirin fahimta, da kuma wanda yake da wayo a magana amma baƙaƙe suna juye masa in ya zo karatu.

A ƙasarmu yawancin waɗannan suna da sanadin da aka sani. Sanƙarau, wanda yake zuwa da bazara, yakan bar yaro da kurumta bayan ya warke. A 1996 ya yi ɓarna mai yawa a Arewa, a 2017 kuma ya sāke ɓulla a Zamfara da Sakkwato da Kebbi da Katsina da Neja. Ƙyanda takan taɓa ido, musamman ga yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, da shawara mai tsanani ga jariri, da doguwar naƙuda, duka suna iya taɓa ƙwaƙwalwa. Shan inna kuwa, ko da yake a 2020 aka tabbatar ainihin ƙwayarsa ta daji ta ƙare a Afirka, waɗanda ya riga ya taɓa suna nan tare da mu. Mun kawo waɗannan domin a daina cewa laifin uwa ne, ko jifa aka yi wa gidan.

Daga ina wannan takarda ta fito?

A Amurka aka yi doka a 1975 wadda ta tilasta wa makarantun gwamnati su rubuta wa kowane yaro mai nakasa shirinsa na kansa, tare da iyayensa. A Ingila wani kwamiti a ƙarƙashin Mary Warnock ya ba da rahoto a 1978, aka yi doka a 1981, sa'an nan a 2014 aka sāke ta, aka haɗa ilmi da lafiya da kulawa cikin takarda guda. A can doka ta yanka wa hukuma mako 20 ta gama aikin daga ranar da aka nema. Duk da haka iyayen Ingila suna kuka da jinkiri, suna kai ƙara. Kada wani ya zaci can ana miƙa wa mutum ita a faranti.

A Nijeriya koyar da makafi ya daɗe. An buɗe makarantar makafi a Gindiri, jihar Filato, a 1953. A 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa ta keɓe sashe domin irin waɗannan yara, a shekarar kuma aka kafa kwalejin horar da malamansu a Oyo. An ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, dokarsa ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne, tilas ne kuma, ga kowane yaro. Kalmar kowane ba ta tsame kurma ba. A 2015 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta fitar da manufa a kan ilmin masu buƙata ta musamman, wadda ta yi maganar shirin koyarwa na yaro ɗaya ɗaya. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga nakasassu. Dokar ta ba su ilmi kyauta har ƙarshen sakandare, ta ce a buɗe musu makarantun gwamnati, ta kuma sa tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna musu bambanci, Naira 1,000,000 in kamfani ne ko ƙungiya.

Yanzu mu lura da abu guda, gama nan ne gindin darasin. Dokokinmu sun ba yaro hakki, amma ba su yanka ranar da za a rubuta masa shiri kamar na Ingila ba. Ba wani ofishi da zai aiko maka takarda gida. In iyaye ba su nema ba, babu wanda zai kama hedimasta da laifi. Saboda haka takardar nan aikinmu ce, mu ne za mu tayar da ita.

Kafin a je makaranta

A fara da lura a gida har wata guda. A sami ɗan littafi, wanda ya iya rubutu a gidan ko a maƙwabta ya riƙa rubutawa, da boko ko da ajami. Kada a rubuta cewa yaron ba ya jin magana. A rubuta abin da aka gani. Ran Talata an kira shi daga baya sau uku bai waiwaya ba, da aka zo gabansa ya amsa. Ran Jumma'a ya fāɗi, jikinsa ya yi ta karkarwa kamar tsawon alwala, ya yi barci bayan haka. Uwa ce ta fi sanin waɗannan, ita da kaka da yayar da take goyonsa. A tambaye su.

Sa'an nan a je asibiti da littafin. A fara da ƙaramin asibiti na kusa, a karɓi takardar turawa. A Birnin Kebbi akwai asibitin Sir Yahaya, da asibitin gwamnatin tarayya wanda mutane suka saba kira FMC. Argungu tana da babban asibitinta. In abin ya fi ƙarfinsu sukan tura mutum asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, ko Kaduna inda cibiyar ido da cibiyar kunne ta ƙasa suke, ko asibitin ido na ECWA a Kano. Tafiyar tana cin kuɗi, shi ya sa ya kamata a shirya ta bayan girbi, ƙungiya kuma ta taimaka daga asusunta kamar yadda take taimakon wanda ambaliya ta cinye gonarsa.

Ga inda mutane da yawa suke hasarar kuɗin motarsu. Sun ga likita, an ba su magani, sun dawo hannu wofi. A roƙi likita ya rubuta rahoto mai hatimi. A ce masa, “Likita, don Allah a rubuta mana abin da aka gani, da abin da malaminsa zai yi masa a aji, za mu kai makaranta.” Sunan ciwo kaɗai ba ya taimakon malami. Abin da yake so ya sani shi ne, wane kunne ne ya fi ji, daga taku nawa yaro yake ganin rubutun allo, ƙarfe nawa yake shan magani. A haɗa da takardar haihuwa. A yi hoton kowace takarda sau biyu, ainihin kuwa ya zauna a gida cikin leda, inda gara da ruwa ba za su kai ba.

Zaman da za a yi

A je wurin hedimasta da ladabi, a nemi ya sa rana. Kada a tare shi a kasuwa ko a bakin hanya. Waɗanda za su zauna su ne hedimasta, da malamin aji, da uba, da uwa ko wadda ta wakilta, da mutum ɗaya daga kwamitin gudanar da makaranta, watau SBMC. In akwai malamin da ya yi horon koyar da masu buƙata ta musamman a ƙaramar hukumar, a gayyato shi. Yaron ma a zo da shi in ya kai shekara bakwai ko takwas. Sau da dama shi ne zai faɗi abin da manya ba su lura ba, misali cewa tagar da ke bayan malam ce take hana shi ganin bakinsa.

A tuna malamin nan yana iya kasancewa da yara fiye da yadda mutum ɗaya zai iya ɗauka, ba shi da isasshen alli, wataƙila ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake koyar da kurma. In aka zo masa da faɗa zai sa hannu don kunya, ya jefa takardar a akwati. Uba ya ce, “Malam, mun zo neman shawara ne, me za ka iya yi, me mu kuma za mu yi?” Abin da malam ya faɗa da bakinsa shi ne zai riƙe.

Me za a rubuta?

Shafi biyu sun isa. A sama sunan yaro, da shekarunsa, da ajinsa, da ranar zaman. Daga nan a fara da abin da yaron ya iya. Wannan ba don a faranta wa iyaye rai ba ne. Yaron da ya iya ƙirga awaki ba ya ɓata, da shi za a fara koya masa lissafi. Yarinyar da ta iya saƙar faifai tana da hannun da zai riƙe fensir. Sa'an nan a rubuta abin da yake ba shi wuya, a taƙaice, bisa ga rahoton likita da littafin gida.

Sashe na uku shi ne buri, nan ne kuma aka fi yin kuskure. In aka rubuta cewa yaro zai ƙara ƙoƙari, ba a rubuta kome ba, gama ba mai iya auna ƙoƙari da mudu. Buri ya zama abin da za a iya gwadawa a gaban kowa. A ce yarinya ce 'yar shekara 8 a aji biyu, sanƙarau ya rage mata ji. Sai a rubuta: kafin hutun ƙarshen zango za ta rubuta sunanta ba tare da kallo ba, za ta gane baƙaƙe 10, za ta ƙirga daga 1 zuwa 30 da tsakuwa. Buri uku sun isa zango guda. Wanda ya ɗora wa jaki kayan raƙumi a hanya zai kwana.

Sashe na huɗu, wa zai yi me. Kowane aiki a sa masa suna da lokaci. Malamin aji zai zaunar da ita a layin gaba, kunnen da ya fi ji yana wajen malam, ba zai yi bayani yana fuskantar allo ba, zai rubuta aikin gida a allo maimakon ya faɗa da baki kawai. Wata ƙawarta za ta zauna kusa da ita ta nuna mata shafi. Hedimasta zai hana a buge ta don ba ta amsa kira ba. Uba zai sayi batirin na'urar ji in an ba ta, zai mai da ita asibiti bayan wata shida. Yayanta zai yi bita da ita minti ashirin kowace yamma kafin duhu, gama kurma ba ya jin magana a duhu, da ido yake ji.

Yawancin waɗannan ba su cin ko kwabo. Zabiya yana bukatar hula mai faɗi, da riga mai dogon hannu, da izinin ya tashi ya matsa kusa da allo, kada kuma a tsai da shi a rana lokacin fareti. Mai sikila yana bukatar ruwan sha kusa da shi, da izinin fita bayan gida ba tare da roƙo ba, da wanda zai kai masa darasin da ya wuce shi. Mai keken guragu yana bukatar a mai da ajinsa ɗakin da ba shi da matakala, ko a cika bakin ƙofa da ƙasa da siminti, aikin gayya na rabin yini. A kuma rubuta wanda zai tura shi da damina, sa'ad da hanya ta zama taɓo.

Mai farfaɗiya kuwa, a rubuta masa wannan da manyan baƙaƙe. In ta tashi, a kawar da benci da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a juya shi ya kwanta da gefe. Kada a danne shi, kada a sa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a ɗura masa ruwa ko mai. In ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba, a kai shi asibiti nan da nan. A gaya wa dukan aji cewa ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko ta taɓawa. Yara da yawa tsoron mutane ne ya fitar da su daga makaranta, ciwon kansa bai hana su karatu ba.

A ƙarshe a sa ranar da za a sāke zama, wajen ƙarshen zango, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, hedimasta ya buga hatimi. A yi kofi uku: ɗaya a makaranta, ɗaya a gida, ɗaya a kai ofishin sakataren ilmi na ƙaramar hukuma. A kuma tabbata hedimasta ya nuna yaron cikin masu buƙata ta musamman a ƙidayar makarantu ta shekara shekara. Hukumar UBEC ta daɗe tana ware kashi 2 cikin 100 na kuɗinta domin irin waɗannan yara, kuɗin kuwa ta hannun jihohi yake bi. Makarantar da ta rubuta babu ko ɗaya, da wane baki za ta nemi kaso?

In aka ƙi fa?

Wani hedimasta zai ce nan ba wurin irinsu ba ne. Kada a yi zagi, kada kuma a koma gida a zauna. A rubuta masa wasiƙa gajeriya, a roƙi ya sa hannu a kan kofinka cewa ya karɓa. A kai maganar ga SBMC da mai unguwa ko hakimi. In ba a daidaita ba, sai sakataren ilmi, daga nan hukumar SUBEB a Birnin Kebbi, daga nan ma'aikatar ilmi. Mutanen Gwadangaji suna da sa'a a nan, gama sakatariyar jiha a ƙofarsu take, abin da mutumin ƙauye mai nisa zai kashe kuɗin mota da yini guda kafin ya kai. A kowane mataki a bar wasiƙa, a riƙe kofi mai kwanan wata. A nemi rakiyar shugabannin ƙungiyar nakasassu ta JONAPWD, sun san ƙofofin. Bayan waɗannan akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, da Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam, da Hukumar Nakasassu ta Ƙasa wadda aka kafa a 2020.

Makarantar gari ko ta musamman?

Ba amsa guda. A Birnin Kebbi akwai makarantar gwamnati ta masu buƙata ta musamman, a Sakkwato akwai ta A. A. Raji, a Kano akwai ta Tudun Maliki. Yaron da ba ya gani ko kaɗan yana bukatar wanda ya iya rubutun Braille, wanda ba ya ji ko kaɗan yana bukatar malami mai maganar hannu da abokai masu yin ta. Zaunar da shi a gaba ba zai wadatar ba, mu faɗi gaskiya. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu tun kaka da kakanni, wadda ta bambanta da wadda ake koyarwa a makarantu, mai tushe daga Amurka. Yaro yana iya riƙe duka biyu, amma lalle mutanen gida su koyi abin da za su yi hira da shi, in ba haka ba zai dawo hutu ya zama baƙo a ɗakin uwarsa.

A ganinmu, yaron da yake ji kaɗan, ko yake gani kaɗan, ko ƙafa ce kawai matsalarsa, ya fi kyau ya zauna a makarantar garinsu tare da sa'o'insa, da takardarsa a hannu. In kuwa za a kai shi makarantar kwana, iyaye su je da kansu su ga ɗakin kwana da ruwa da bayan gida, su san wadda take kula da 'yan mata da dare. Takardar ta bi shi can. Ta kuma bi shi sakandare, gama hukumomin jarrabawa irin su WAEC da NECO da JAMB suna da tanadi domin makafi da waɗansu, amma sai an faɗa musu tun lokacin rajista. Ranar jarrabawa an makara.

Aikin ƙungiya kafin taro na gaba

A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su bi gida gida a unguwarku su tambayi yaran da suka kai shekara shida ba su zuwa makaranta saboda ido, ko kunne, ko ƙafa, ko fāɗuwa, ko jinkirin fahimta. Macen ce za ta shiga cikin gida, gama waɗansu yaran ba a fito da su ƙofa. Kada a karanta sunayensu a taro, a faɗi yawansu kawai. Daga cikinsu a ɗauki gida ɗaya da ya yarda, a ba shi ɗan littafi da fensir, a sa wanda ya iya rubutu ya raka su asibiti da makaranta. A zo da kofin takardar da aka rubuta, an rufe sunan yaron, mu duba ta tare.